Neman shawara: na samu jirgin haɗin gida na hannu, amma takardun mallakarsa ba su cika ba

Mai tambaya, daga Texas:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar manya, musamman waɗanda suka san harkar rajistar ƙananan jirage a nan Amurka.

Ina zaune a arewacin Texas, ina da lasisin tuƙin ƙaramin jirgi. Kuɗin hayar jirgi a kowace awa ya fara yi mini nauyi, shi ya sa na daɗe ina neman nawa na kaina. A wani ƙaramin filin jirgi da nake zuwa, wani dattijo Bature ya nuna mini RV-6A a rumfarsa: kujera biyu gefe da gefe, taya uku har da ta gaba, injin Lycoming O-320. Irin jiragen nan ne da kamfanin Van's na jihar Oregon ke sayar da kayansu a akwatuna, mutum ya haɗa da hannunsa a garejinsa. Aikin jikin yana da tsafta ƙwarai, duk wanda ya yi shi ya san abin da yake yi.

Matsalar ita ce ba dattijon ne ya haɗa shi ba. Maƙwabcinsa ne na rumfa, kuma ya rasu shekaru da dama da suka wuce. Ya ce matar marigayin ta bar masa jirgin a kan ɗan kuɗi, haɗe da bashin hayar rumfa da yake bin mijinta. Sun gama magana da baki, ba a rubuta komai ba. Bai taɓa mayar da rajistar sunansa ba, bai kuma taɓa tashi da jirgin ba. Abin da ke hannunsa shi ne littafin tarihin jirgi, littafin inji, makulli da zanen kamfani. Babu takardar rajista, babu takardar cancantar tashi, babu takardar ciniki tsakaninsa da matar.

Kuɗin da ya sa bai kai rabin yadda ake sayar da irinsa ba. Ya ba ni zaɓi biyu. Ko ya rubuta mini takardar ciniki in je in ƙarata da FAA, wato hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ko kuma ya rubuta cewa tarkacen jirgi ya sayar mini, in cire ɗan farantin ƙarfen da ke kusa da wutsiya, in buga sabo da sunana, in yi rajista a matsayin ni na haɗa shi. Ya ce da haka har takardar izinin duba jirgina da kaina zan samu. Zuciyata ba ta kwanta da ta biyun ba, amma ina tsoron ta farkon ta maƙale mini in zauna da jirgin da ba ya tashi. Akwai hanyar da ta dace? Kuma in ba shi kafin alƙalami ya riƙe mini, ko in dakata? Ya ce akwai wani mai so.

Baba Injiniya:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka dakata, ko sisi kada ka ba shi tukuna. Jirgin da ya yi shekaru a rumfa ba takarda ba zai tsere cikin mako biyu ba, kuma wancan mai son, in akwai shi, bangon da ka tarar shi zai tarar.

Zaɓi na biyu ka cire shi daga ranka yau. Wannan farantin da ba ya cin wuta, mai ɗauke da sunan wanda ya haɗa jirgin da samfurinsa da lambarsa, shi ne shaidar jirgin, kuma sashe na 45.13 na dokokin FAA ya hana cire shi ko canza abin da ke jikinsa ba da izini ba. Bayan haka, in za ka yi rajista a matsayin sabon haɗi, sai ka cika fom 8050-88 na rantsuwar mallaka, ka kuma cika 8130-12 inda za ka sa hannu a gaban notari, wato jami'in shaida sa hannu, cewa mafi yawan aikin an yi shi ne don koyo ko sha'awa, ka ambaci waɗanda suka yi. Ƙarya a takardar gwamnatin tarayya laifi ne da kan kai mutum ɗaurin shekara biyar. Sufeton da zai zo dubawa kuma zai nemi littafin aikin haɗi da hotunanka kana buga ƙusoshi. Me za ka nuna masa? Fenti ya tsufa, inji ya ci awoyi, kujeru sun lotsa. Da ido ɗaya zai gane.

Yanzu abin da nake so ka yi a daren nan: akwai lamba mai farawa da N a jikin jirgin? Ka shiga shafin binciken rajista na FAA, kyauta ne, ka buga ta. Ka kuma ɗauki hoton farantin. Amsar duk tambayoyinka ta rataya ne a kan abu ɗaya, wato ko jirgin ya taɓa shiga rajista ko bai taɓa ba, domin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne.

Mai tambaya:

Na gode Baba. Na duba yanzu. Lambar tana jikin wani jirgin Cessna a wata jiha. Amma a ƙasa, cikin jerin waɗanda aka soke rajistarsu, ga RV-6A da sunan marigayin, lambar jiki ta yi daidai da ta farantin. An rubuta cewa rajistar ta ƙare ne ba a sabunta ba.

Baba Injiniya:

Alhamdulillahi, wannan labari ne mai daɗi, ko da yake ba ka gan shi haka ba tukuna. Ma'anarsa jirgin yana da fayil a ofishin rajista na birnin Oklahoma, kuma ba a rubuta cewa ya ragargaje ko an farfasa shi ba. Da an rubuta haka, da maganar ta yi tsawo.

Yadda abin ya faru a bayyane yake. A da, rajistar jirgi a Amurka ba ta da ranar ƙarewa. Tsakanin 2010 da 2013 FAA ta tilasta wa kowa ya sake rajista, ta mayar da ita ta shekara uku uku, sai a 2023 ta ƙara zuwa bakwai. Jirage da yawa na mamata da na tsofaffi sun faɗo daga rajista tun daga wancan lokaci saboda ba mai amsa wasiƙa. In an soke rajista, ana riƙe lambar shekara biyar, sannan a iya ba wani. Shi ya sa ka gan ta a jikin Cessna. Kai sabuwar lamba za ka samu, in kana son wata ta musamman ka tanade ta da dala 10.

Mataki na gaba, ka nemi kwafin fayil ɗin jirgin daga Oklahoma, kuɗinsa 'yan daloli ne, kuma kowa yana iya nema ko ba shi ne mai jirgin ba. Fayil ɗin kashi biyu ne. Na rajista zai nuna maka duk wanda ya taɓa mallakarsa a hukumance da duk wata jingina da banki ya rubuta a kansa. Na cancantar tashi zai nuna maka takardar da aka ba marigayin da sharuɗɗan tashin da aka rubuta masa. Waɗannan sharuɗɗan ɓangare ne na takardar, dole su kasance a cikin jirgin duk lokacin da zai tashi. Ɓacewar takardar cancantar tashi ƙaramar matsala ce. Idan rajista ta fito da sunanka, ofishin FAA na yankinku zai iya ba ka madadinta da sabuwar lambar.

Babbar matsalar ita ce sarƙar mallaka. Sashe na 47.35 ya ce in ba daga hannun mai rajista na ƙarshe ka saya ba, sai ka kawo takardun da ke nuna yadda jirgin ya bi hannu hannu daga gare shi har zuwa gare ka, ba tsallake. Sarƙarka zobe biyu ce: daga gidan marigayi zuwa dattijo, daga dattijo zuwa kai. Na biyun yana hannu, fom 8050-2 na takardar ciniki ne kawai. Na farkon ne babu. In ka aika da takardar dattijo ita kaɗai, wasiƙa za su dawo maka da ita suna tambayar wane ne shi, tunda sunansa bai taɓa shiga fayil ba. Littafin tarihin jirgi kuwa ba hujjar mallaka ba ne, labarin gyara kawai yake bayarwa.

Kyaftin:

Baba ya gama magana a kan faranti, ba ƙari. Amma ranka ya daɗe, ina ganin akwai gajeriyar hanya a cikin wannan sashen da ka ambata. Ya ce in mutum yana da dalili mai ƙarfi da ya hana shi kawo takardun, zai iya kawo wata hujja da hukuma ta gamsu da ita, har da takardar rantsuwa da ke bayanin dalilin. To me zai hana dattijon ya yi rantsuwa cewa ya saya daga matar, a haɗa da takardar mutuwar marigayin, a aika? Dala 5 ce kuɗin rajistar gaba ɗaya. In sun ƙi, ba a yi asarar komai ba.

Sannan ƙanena, ban da takarda, ka kula da injin nan. Lycoming da ya daɗe a ajiye, tsatsa tana cin sandar kam, mai buɗe bawul ɗin inji, da ke can sama, inda mai ke zubewa ya bar ta a bushe. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a yi wa inji garambawul bayan shekara 12 ko da awoyinsa ba su cika ba. Ka sa makaniki ya leƙa silinda da kyamara kafin ku tsayar da farashi, in da hali ya cire ɗaya ya ga kam ɗin da idonsa. Arahar da kake gani tana iya ƙarewa a cikin injin.

Yaya Lauya, daga Houston:

Sannunku. Kyaftin, wannan ƙofar tana nan, amma an yi ta ne domin wanda ya nemi takarda ya rasa, ba wanda bai nema ba. Dokar ta ce rantsuwar ta zo tare da duk wata ƙarin hujja da ke tabbatar da cinikin. Dattijon yana da kwafin cek? Wasiƙa? Shaidar da ya ga an yi? In matar tana raye kuma ba wanda ya tuntuɓe ta, ina dalili mai ƙarfi?

Kuma ko da FAA ta karɓa, akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba. Takardar rajista ba takardar mallaka ba ce. Dokar tarayya ta faɗa ƙarara cewa tana tabbatar da ƙasar jirgin, amma ba hujja ba ce a shari'ar da ake jayayya kan wa ke da shi. Ofishin Oklahoma yana ajiye takardu ne, ba ya raba gardama. Don haka ƙanena zai iya samun rajista da sunansa, ya kashe kuɗi a inji da na'urori, bayan shekara biyu ɗan marigayi ya ɓullo da lauya. Daidai yake da wanda ya sayi fili a hannun maƙwabcin mamaci ya yi gini, magada ba su sani ba.

Hanyar da ta dace tana cikin sashe na 47.11, kuma ba ta da wahalar da ake zato. Idan kotu ta naɗa wanda zai kula da dukiyar marigayin, shi zai sa hannu a takardar ciniki a madadin gadon, a haɗa da kwafin takardar naɗinsa mai hatimin kotu. Idan ba a naɗa kowa ba kuma ba za a naɗa ba, magaji ne zai sa hannu, ya haɗa da rantsuwa cewa ba a nemi naɗin ba, ba ya tsammanin za a nema, kuma dokar jiha ta ba shi ikon sayar da jirgin. A wannan jimlar ta ƙarshe ake tuntuɓe. A Texas dukiyar da aka samu a zaman aure ta miji da mata ce tare. In mutum ya rasu ba wasiyya kuma duk 'ya'yansa na wannan matar ne, rabonsa na wannan dukiyar yana komawa gare ta. Amma in yana da ɗa daga wata matar, rabin nasa na 'ya'yansa ne, ba nata ba. Ke nan yana yiwuwa matar ta sayar da zuciya ɗaya abin da rabinsa ba nata ba ne. Ka je ofishin magatakardan kotun gado na gundumar da ya rasu, ka nemi fayil da sunansa. A buɗe yake ga kowa.

In an rasa magada gaba ɗaya, ko suka ƙi sa hannu, saura kotun jiha. Dattijon ya shigar da ƙara a tabbatar masa da mallaka, in ya yi nasara a aika wa FAA kwafin hukuncin mai hatimi, dokar ta tanadi karɓarsa. Wannan yana cin watanni da kuɗin lauya, kuma nauyin mai sayarwa ne, ba naka ba.

Game da muhimmancin rubutu, kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1983 a shari'ar Philko da Shacket. Wasu ma'aurata sun sayi jirgi a hannun dillali a jihar Illinois, suka biya, suka ɗauki jirginsu, dillalin ya ce zai kula da takardu. Sai ya juya ya sayar da wannan jirgin ga wani kamfani, aka kai takardun kamfanin FAA. Kotun ta ce dole kowane cinikin jirgi ya kasance a rubuce, kuma a kai shi rajista, kafin ya yi tasiri a kan wani mai saye da bai san da shi ba. Cinikin baki da dattijonka ya yi yana ɗaure matar da magadanta in an tabbatar da shi, amma ba zai kare shi daga wanda bai sani ba, kai ma ba zai kare ka ba.

Tambaya ta ƙarshe, kuma kada ka amsa a nan in ba ka so: kana da takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin? Mutum ɗaya ba ya rajistar jirgi da sunansa a Amurka sai da ɗaya daga cikin biyun. Mai bizar aiki ko ta karatu sai ya bi ta kamfani ko ta amintacce, kuma kowanne da sharuɗɗansa. Wannan bayani ne na gaba ɗaya nake yi maka a matsayin yayarka. In fayil ɗin kotu ya fito da rikici, ka zauna da lauyan gado na gundumar.

Kyaftin:

Na karɓa Hajiya Lauya. Batun ɗan wata matar bai zo mini ba sam. A bar rantsuwar ta zama ta ƙarshe in an nemi magada an rasa.

Mai tambaya:

Ina da katin dindindin Yaya, wannan ba matsala. Abin da ke damuna shi ne ta ina zan fara neman matar. Dattijon ya ce ta bar garin tun tuni, kuma na lura ba ya son a tayar da maganar.

Malam, daga Ohio:

Assalamu alaikum. Ni ba matuƙi ba ne, ɗana ne ke koyon tuƙi shi ya sa nake cikinku, amma wannan maganar ta taɓa inda na sani. Ɗan uwa, rashin son dattijon a tayar da maganar shi ne dalilin da ya sa dole a tayar da ita. Ba ina zarginsa ba, wataƙila kunya yake ji don ya san kuɗin da ya ba matar bai kai ba, wataƙila tsoro yake kada a ce ya ƙara. Amma dukiyar mamaci ce, kuma haƙƙin magaji ba ya faɗuwa don shi ba Musulmi ba ne, ko don ya yi nisa, ko don bai san yana da shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu bar abin da ke sa mu kokwanto zuwa wanda ba ya sa mu kokwanto. Kai da bakinka ka ce zuciyarka ba ta kwanta ba. Wannan abin hawa ne da za ka ɗora iyalinka a kai ka bar ƙasa da su. Ka neme su, in sun ce sun sayar sun yafe, ka hau da natsuwa. In suka ce a ƙara musu wani abu, tsakaninsu da dattijon ne, kai kuma ka san gaskiyar farashin jirgin ke nan.

Baba Injiniya:

Neman nata ba zai yi wuya ba ɗana. Mutumin da ya haɗa RV da hannunsa da wuya a ce ba ya cikin reshen ƙungiyar EAA na yankinsa, wato ƙungiyar masu haɗa jirage da ke da cibiya a Oshkosh. Ka je taronsu na wata, ka ambaci sunansa. Tsofaffin da suka taya shi riƙe ƙarfe lokacin buga ƙusa suna nan, kuma matansu sun san inda matarsa ta koma. Sanarwar rasuwarsa a jaridar garin ma za ta lissafa maka 'ya'yansa da garuruwansu. In ka same ta, ka gabatar da kanka a matsayin wanda ke son jirgin mijinta ya sake tashi. Wasu iyalan suna gudun sa hannu don tsoron kada a yi haɗari a kai su ƙara, tunda a takarda marigayin ne maƙerin jirgin, ba Van's ba. In ka ga wannan tsoron, Hajiya za ta gaya maka irin takardar sauke nauyi da ake haɗawa da ciniki.

Ka kuma buɗe littafin tarihin jirgin ka nemi inda marigayin ya rubuta cewa ya kammala awoyin gwaji na farko, yawanci 40 ne, ko 25 in inji da farfela haɗin da hukuma ta riga ta amince da shi ne. In rubutun yana nan, an wuce wannan matakin. Batun takardar duba jirgi da dattijon ya kwaɗaita maka, ta wanda ya haɗa jirgin ce, don wannan jirgin kaɗai, ba a gadonta ba a sayar da ita. Amma ba ka yi asarar abin da kake zato ba. A jirgin haɗin gida kana da damar yin gyaranka da hannunka, binciken shekara shekara kuma kana iya kiran makaniki mai lasisin A&P, wato na gyaran jikin jirgi da inji, ya yi ya sa hannu.

Ɗan Maraɗi:

Gafara dai manya, tambaya daga gefe. Tunda takardun Amurka ne suka cije, me zai hana ya kwance fikafikan ya sa shi a kwantena ya kai gida, a yi masa rajistar 5N a Najeriya ko 5U a wajenmu? Na ji an ce irin wannan jirgin ma an taɓa haɗa shi a Kaduna.

Baba Injiniya:

Gaskiya ne an haɗa. Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka koyi tuƙi da shi daga RV-6A aka samo shi, an haɗa wajen 60 a Kaduna. Duk lokacin da na ga RV-6A a nan sai na tuna da su. Amma kai shi gida ba ya warware komai. NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, ita ma za ta nemi hujjar mallaka da shaidar cewa an soke rajistarsa a ƙasar da ya fito, kwastan za su nemi takardar saye, kuma takardar cancantar tashi ta rukunin gwaji, wadda ake ba jiragen haɗin gida, ba irin wadda ƙasashe ke karɓa kai tsaye daga juna ba ce, sai ƙasar da za a shiga ta ba da izini na musamman. Zoben da ya ɓace a Texas zai bi kwantenar har Apapa.

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na bi shawarar Baba na je taron reshen EAA, kuma kamar yadda ya faɗa, mutum na farko da na tambaya ya san marigayin, har ya nuna mini hotunan ranar da jirgin ya fara tashi. Matar tana raye, tana zaune wajen 'yarta a wata jiha. Fayil ɗin kotun gunduma ya nuna akwai wasiyya, kuma 'yar ce kotu ta naɗa mai kula da dukiyar. Akwai ɗa daga auren farko kamar yadda Yaya ta yi hasashe, amma wasiyyar ta bar wa matar komai ban da wasu abubuwa da aka ambata da suna, jirgin ba ya ciki. Na yi magana da 'yar ta waya. Ta tabbatar mahaifiyarta ta karɓi kuɗi daga dattijon, ta ce ba su da wata magana a kai, kuma ta yi murna da jin jirgin bai lalace ba. Fayil ɗin Oklahoma ya iso. Akwai sharuɗɗan tashin a ciki, sai dai akwai wata tsohuwar jingina ta banki da ban ga takardar sakinta ba. Dattijon da ya ji 'yar ta amince, ya saki jiki. Yanzu don a rage wahala, 'yar ta ce ko ta rubuta takardar cinikin kai tsaye da sunana. Ya kuka gani?

Yaya Lauya:

Madalla. Amma kada ta rubuta da sunanka, domin ba ita ta sayar maka ba, kuma ba ita za ta karɓi kuɗinka ba. Takardu su faɗi abin da ya faru: ɗaya daga gadon marigayi zuwa dattijo, da sa hannun 'yar a matsayin mai kula da dukiya, ɗaya daga dattijo zuwa kai. Ta nemi sabon kwafin takardar naɗinta mai hatimi daga magatakarda, kuma a tambaye shi ko naɗin yana aiki har yanzu, tunda an daɗe. In an riga an rufe fayil ɗin, jirgin ya zama na matar, sai ita ta sa hannu a haɗa da takardun kotun da ke nuna haka. Wannan tambayar minti goma ce ga lauyan gado.

Jinginar kuma kada ka raina ta don ta tsufa. Tana nan a fayil har sai bankin, ko wanda ya gaje shi in an haɗe shi da wani, ya sa hannu a takardar saki an kai Oklahoma. Ba za ta hana ka rajista ba, amma ranar da za ka sayar ko ka nemi rance, ita za ta tare ka. Akwai kamfanonin binciken mallakar jirage a birnin Oklahoma da wannan ne aikinsu kullum. Ka ɗauki ɗaya, ka ajiye kuɗinka a hannunsu amana, da sharaɗin ba za su sakar wa dattijo ba sai takardun ciniki biyu da takardar kotu da ta sakin jingina sun cika a teburinsu. Su ne za su miƙa komai tare da fom ɗinka na neman rajista, 8050-1.

Baba Injiniya:

Abu ɗaya zan ƙara, domin shi ya fi dawo da takardun mutane. Sunan marigayi a takardar ciniki ya zama daidai da yadda yake a fayil, in akwai harafin tsakiya a sa shi. Sunan dattijo ya zama iri ɗaya a takardun biyu, naka kuma iri ɗaya a takardar ciniki da fom ɗin rajista. A gurbin maƙerin jirgi ku kwafi abin da ke fayil da faranti, sunan marigayin ne, kada wani ya rubuta Van's. Kafin 'yar ta sa hannu, ka turo mini hoton fom ɗin ta akwatina in duba. Shi kuma makanikin ya leƙa injin a wannan makon, tun kuɗinka bai bar asusunka ba.